Kafin ki yar da man shafawar, ki ɗauki hoto tukuna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya. Kin ce wata uku kenan kina shafa mata man da likita ya rubuta saboda fararen tabon bitiligo da suka fito mata a fuska da hannu, ba ki ga wani canji ba, kina tambaya ko akwai manhajar waya da za ta auna miki, ko kuwa ki daina kawai. Ni shekara bakwai ina fama da shi a gefen ido, wuya da yatsu, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Idonki ba zai gaya miki gaskiya ba. Kullum kina kallonta, launin kuma a hankali yake dawowa. Ni ma a wata na huɗu na ajiye nawa man, na ce asarar kuɗi ce. Da na koma, likitar fatar ta buɗe hoton da ta ɗauka ranar farko ta ajiye kusa da na ranar. Sai ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an watsa riɗi a tsakiyar tabon wuyana, waɗanda na sha gani a madubi na ɗauka datti ne. Ashe su ne alamar sauƙi: ƙwayoyin da ke samar da launi suna saura a gindin gashi, daga nan suke bazuwa, wasu kuma daga bakin tabon suke shigowa ciki. Shi ya sa fuska da wuya suka fi saurin amsa magani, yatsu da leɓe da ƙafa kuwa, inda gashi ya yi ƙaranci, sukan daɗe. Nawa yatsun har yau suna nan yadda suke.

Game da manhaja, abin da take yi bai wuce ta raba farin wuri da baƙi a hoto ta ƙirga faɗinsa ba. Akwai ImageJ, ta kwamfuta ce kuma kyauta, masu bincike na amfani da ita. Ƙanena ya taɓa gwada min. Mun saka hotuna biyu na mako guda, ɗaya a tsakar gida da rana, ɗaya a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki, ta nuna wai tabon ya ƙaru sosai. Daren nan ban yi barci ba, alhali haske ne kawai ya bambanta. Daga nan na gane aikin yana wurin ɗaukar hoton.

Ga yadda nake yi yanzu. Sau ɗaya a wata, waya ɗaya, gaban taga ɗaya, da hantsi, ba fulasha. Ki kashe abin gyaran fuska na kyamarar, wayoyinmu da yawa da shi suke zuwa a kunne, yana goge ɗige-ɗigen da kike nema. Ki wanke wurin, ba hoda ba mai. Ki ɗora rula a gefen tabon don a san girmansa ko tazarar ta ɗan canza, ki rubuta kwanan wata. Lokacin hunturu fata na yin furu-furu ta ɓata gefen tabon, lokacin zafi kuma rana na ƙara duhun fatar da ke kewaye, sai farin ya ƙara fitowa kamar ya girma. In wayar ba ta da kyau, ki ɗora farar leda a kai ki zana gefensa da alƙalamin maka, bayan wata uku ki sake ɗora ta.

Su likitoci suna da ma'auninsu da ake kira VASI, tun 2004. Tafin hannun mai ciwon haɗe da yatsu shi ne kamar kashi 1 cikin 100 na fatar jiki, da shi suke kimanta faɗin, sannan su duba yawan launin da ya dawo a ciki. Suna kuma da wata fitila mai shuɗin haske da ake haskawa a ɗaki mai duhu, tana fito da tabon da ido bai fara gani ba. Kuma ki lura: ko man ruxolitinib, maganin bitiligo da Amurka ta amince da shi a 2022, a gwajinsa kusan mutum 3 cikin 10 ne suka samu kashi 75 na sauƙi a fuska bayan mako 24, sai wajen shekara guda suka kai kusan rabi. To ina ga wata uku?

Abin da zai sa ki koma asibiti kafin ranarku shi ne sabbin fararen ɗige-ɗige a kewayen tsohon, ko farin layi inda ta kurje ko ta ƙone. Wannan na nuna ciwon na tafiya, likita zai iya canza magani. In kuma man mai sitiroyid ne, wato sinadarin da ke kwantar da kumburin fata, ki tambayi likita yaushe za a huta, domin yana sa fatar fuska ta yi siriri. Ki ɗauki hoton farko gobe da hantsi, ki tafi da wayar ranar da za ku koma.