Kada ki taɓa girkin Hajiya tukuna

Salamu alaikum 'yar uwa. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa ta huta. Na karanta tambayarki har sau biyu: ta bar muku shagon abinci, unguwar ta sauya, masu sayen da suka saba sun tashi, baƙi sun cika ko'ina, kina tunanin ko ki sauya abincin gaba ɗaya. Ni ba ni da shago, amma lokacin da nake karatu na yi shekara huɗu ina aiki a gidan burodin wasu Girkawa a Marrickville, wata unguwa a birnin Sidni na Ostireliya, kuma halin da kike ciki shi na tarar da su a ciki.

Girkawa sun kwarara ƙasar bayan yarjejeniyar 1952 da ta sauƙaƙa musu kuɗin jirgi, da yawansu suka sauka a Marrickville saboda masana'antu. Bayan 1975 'yan gudun hijirar Biyetnam suka iso, suka buɗe shaguna a titin Illawarra. Girkawan da suka yi kuɗi suka koma unguwannin Earlwood da Brighton-Le-Sands. Lokacin da na zo, matasa ma'aikatan ofis ne ke shigowa, haya tana ta hawa.

Ɗan gidan ya karɓi shagon daga hannun tsohuwarsa, wadda kowa ke kira Yaya, wato kaka a bakinsu. Da zafinsa ya zo. Ya cire manyan farantan spanakopita, wani gashin ƙullu mai sirara da ake cusa wa alayyahu da cuku, ya kawo kek irin na kowa da kowa. Wallahi wata uku ba mu ga tsofaffin matan Girkawa masu baƙaƙen kaya da suka saba saye ba. Matasan ma ba su tsaya ba, don irin kek ɗin yana kowace kwana. Na sha ganin Yaya zaune bayan kanta, hannunta duk gari, tana kallon ƙofa ba ta ce uffan ba. Abin ya riƙa ci mini rai.

Abin da ya ceto su, azuminsu ne. Kafin Ista, Girkawa 'yan cocin Otodoks kan yi makonni ba nama, ba madara, ba ƙwai. Yaya ta dage sai ta yi abincin azumi kamar kowace shekara, da man zaitun da ganye da wake. Wata yarinya ta shigo ta tambaye ni ko akwai abin da babu kayan dabba a ciki, na nuna mata. Washegari ta dawo da ƙawayenta uku. Ashe abin da matasan unguwar ke yawon nema, shi tsohuwar take dafawa tun kafin a haife su, sai dai ba wanda ya rubuta musu a takarda ya manna a gilashi.

Daga nan ɗan ya dawo hanya. Girkin bai ƙara taɓa shi ba, yanayin sayarwa ya gyara: ya yanka faranti ƙanana na mutum ɗaya, ya sa injin kofi, muka koma buɗewa tun ƙarfe shida saboda masu kama jirgin ƙasa. Waɗanda suka tashi kuma ba a bi su da shago ba, waya aka bi su da ita. Har yanzu suna zuwa cocin Saint Nicholas da ke unguwar, suna yin odar burodin Ista da koliba, dafaffiyar alkama mai sukari da ake rabawa ranar addu'ar arba'in ta mamaci. Ranar da na fara ganinta sai da gumbar sadaka ta faɗo mini a rai. Odar suna da biki da rasuwa ita ta riƙa biyan haya a watannin da kasuwa ta kwanta.

Don haka ki nemo littafin da Hajiya take rubuta bashi da oda, ki kira mutanen ɗaya bayan ɗaya, ki gaishe su, ki ce tukunya tana nan. Sannan ki ɗauki mako biyu kina tsayawa a kanta da kanki, ki ji abin da baƙin ke tambaya kafin su juya. Ki kuma faɗa mana su waye suka shigo unguwar, da shekarun da suka rage a takardar hayarku, don a kan haya na ga shagunan maƙwabtanmu biyu sun rufe alhali abincinsu ba laifi.