Hukuncin Sakin Ruwan Ƙazanta a Kogi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a matatar ruwan ƙazanta ta wani ƙaramin gari. Ruwan ban-ɗaki da na wanki duk wurinmu yake taruwa, mu tace shi mu saki a kogi. Wani ya ce min duk wanda ya yi alwala da ruwan kogin ba shi da salla, kuma alhakin na wuyanmu. Sannan idan inji ya lalace, akan ce mu buɗe mu sake shi ɗanye. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, batun tsarki daban, batun cutarwa daban, kuma wanda ya tsorata ka ya cakuɗa su.

A mazhabar Malikiyya ruwa ba ya zama najasa sai najasar ta canja launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa. Aikinku kuwa cire ta ne: a tare tarkace da raga, a bar ruwan ya kwanta dagwalon ya zauna a ƙasa, a hura masa iska ƙwayoyin halitta su cinye sauran dattin, sannan a kashe ƙwayoyin cuta da kulorin ko makamancinsa. Idan aka yi haka har najasar ba ta bar alama ba, ruwan ya koma asalinsa. Da wannan Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa a 1398 bayan Hijira, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) ma ta tabbatar da shi a Makka a 1409. Alwalar mutanen ta yi, kai kuma ladan gusar da ƙazanta kake samu.

Tambayarka ta biyu ce ta fi damuna. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal cewa Annabi (SAW) ya tsoratar a kan abubuwa uku masu jawo tsinuwa: bahaya a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwa. Wannan fa mutum ɗaya ne ya tsuguna. To ina ga bututun da ke ɗauke da na gari guda?

Kada wani ya fake da cewa kogi babba ne, zai shanye. Yana iya shanye launi da wari, har ruwan ya halatta a yi alwala, amma ƙwayar kwalara da ta taifot ba su da launi. Mace za ta ɗiba a bokiti, ta gan shi garau, ta ba ɗanta. Dattin kuma yana cinye iskar da ke cikin ruwa, shi ya sa kifaye kan taso sama cikinsu a birkice, musamman da rani in ruwa ya ja baya. Ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa" ta hau kan wannan kai tsaye: sakin sa ɗanye da gangan haramun ne.

Lalura tana da hukuncinta. In ambaliya ta zo, aka ga rashin buɗewa zai mayar da ƙazantar cikin gidajen mutane, sai a ɗauki mafi sauƙin cutar biyu, gwargwadon buƙata, a kuma sanar da mazauna bakin kogin nan take. Amma injin da aka bari wata da watanni ba gyara, wannan sakaci ne, kuma kaso mafi girma na zunubin yana kan hukumar da aka damƙa wa amanar. Kai ka rubuta musu, ka ajiye kwafi, kada hannunka ya buɗe sai lalurar ta tabbata.

Wallahu a'alam.