Tambayoyin Masu Karatu: Yaya Ake Auna Maganar Masu Musanta Kisan Kiyashin Yahudawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne. An turo mana bidiyo a WhatsApp, wani Bature yana cewa an zuzuta kisan da Jamus ta yi wa Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Hujjarsa ita ce da an rubuta mutum miliyan 4 a allon tunawa na sansanin Auschwitz, daga baya aka mayar da shi miliyan ɗaya da rabi, amma har yau ana cewa miliyan 6 aka kashe. Ya ce su masu sake nazarin tarihi ne kawai. Shin yana da gaskiya? Daga mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar allon gaskiya ce, amma abin da ya gina a kanta ƙarya ne. Tarayyar Sobiyat ce ta fitar da adadin miliyan 4 a 1945, gwamnatin gurguzu ta Poland kuma ta sa shi a allon. Manyan masanan fannin ba su taɓa dogara da shi ba. Tun a 1961 masanin tarihi Raul Hilberg ya ƙiyasta Yahudawan da suka mutu a Auschwitz da kimanin miliyan ɗaya, jimillar duka kuwa miliyan 5.1. Da gurguzu ya faɗi, binciken Franciszek Piper na gidan tarihin Auschwitz ya tsayar da adadin waɗanda suka mutu a can a kan aƙalla miliyan 1.1, aka sauya allon. To, ba a taɓa sa miliyan 4 ɗin cikin lissafin miliyan 6 ba, balle cire shi ya rage komai.

Lissafin miliyan 6 ɗin daga takardun Jamusawa da kansu ya fito, sai kuma kwatanta ƙidayar jama'a kafin yaƙi da bayansa. A Babi Yar, kusa da Kiev, rahoton rundunar kisa ta Jamus ya rubuta an kashe mutum 33,771 cikin kwana biyu a Satumban 1941. Karl Jäger, kwamandan wata rundunar kisa, ya jera kashe-kashen rundunarsa gari bayan gari, rana bayan rana, har 137,346 zuwa ranar 1 ga Disamban 1941. Saƙon wani jami'in Jamus, Hermann Höfle, wanda Birtaniya ta kama ta rediyo a Janairun 1943, ya ce an kai mutum 1,274,166 sansanonin kisa na Belzec da Sobibor da Treblinka da Majdanek zuwa ƙarshen 1942. Akwai kuma muryar Heinrich Himmler, ɗaya daga cikin manyan mataimakan Hitler, a faifai, yana faɗa wa manyan jami'ansa a Posen, a Oktoban 1943, cewa ana shafe Yahudawa. Poland na da Yahudawa kusan miliyan 3.3 kafin yaƙi, kimanin miliyan 3 suka hallaka. Mai musu sai ya faɗa mana inda suka shiga.

Sake nazari aiki ne na halal, kullum ana yinsa a Arewa House da gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna. Abin da Piper ya yi ke nan: ya zo da sababbin takardu, ya nuna lissafinsa a fili, abokan aikinsa suka bi suka tabbatar. Mai musu kuwa ya riga ya yanke hukunci, sai ya tsinci abin da zai dace da shi.

Ka yi masa abin da malaman hadisi ke yi wa mai ruwaya: ka san ko shi wane ne, daga wa ya ji, kuma ko an taɓa kama shi da ƙarya. Idan ya kawo takarda, nemi lambarta da ɗakin ajiyarta, ka karanta abin da ke gaba da jimlar da ya yanko da abin da ke bayanta. Mafi muhimmanci, duba yadda yake yi da shaidar da ta saɓa masa. Idan takardun Jamus duk jabu ne, waɗanda suka tsira duk maƙaryata ne, waɗanda suka amsa laifi duk dukansu aka yi, to babu hujjar da za ta taɓa gamsar da shi, kuma wannan ba bincike ba ne. An gwada hakan a kotu a Landan, lokacin da marubuci David Irving ya kai ƙarar masaniyar tarihi Deborah Lipstadt kan ta ce yana murɗe tarihi. Masanin tarihi Richard Evans ya bi madogaransa ɗaya bayan ɗaya. A Afrilun 2000 alƙali Charles Gray ya yanke cewa Irving da gangan ya jirkita shaidu, domin kurakuransa duk gefe ɗaya suka karkata, wato wajen wanke Hitler.

Tambaya: Malam, an ce wani injiniya ya gwada bangon ɗakunan gas na Auschwitz, inda aka kashe mutane da iskar guba, bai sami guba ba. Daga mai karatu, Tudun Wada.

Amsa: Fred Leuchter ake nufi, a 1988. Digirinsa na tarihi ne, ba shi da lasisin injiniya, kuma wani mai musu da ake shari'arsa a Kanada ne ya ɗauki nauyin tafiyarsa. Kuskurensa biyu ne. Gubar Zyklon B, wadda aka yi kisan da ita, a fatar bango take tsayawa, ba ta shiga ciki, shi kuwa ya fasa manyan gutsattsarin bulo aka niƙe su gaba ɗaya, gubar ta ɓace cikin garin ƙasa. Na biyu, ya ga alamar guba ta fi yawa a ɗakunan feshin tufafi, sai ya ɗauka hujja ce. Alhali kwarkwata ta fi mutum jure wannan guba nesa ba kusa ba. Kashi 300 cikin miliyan na iska ya isa ya kashe mutum cikin mintuna, feshin kwarkwata kuwa yana buƙatar ninkin haka da yawa, na tsawon sa'o'i. Ƙari a kan haka, Jamusawa sun tarwatsa manyan ɗakunan da nakiya a Janairun 1945, ruwan sama ya daki kangon fiye da shekara arba'in. Duk da haka, cibiyar binciken laifuka ta Krakow ta sake gwaji a 1994, ta sami gubar a jikinsu.

Tambaya: Malam, yarda da wannan tarihi ba goyon bayan Isra'ila ba ne a kan Falasɗinawa? Daga mai karatu, Kawo.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Korar Falasɗinawa sama da 700,000 daga gidajensu a 1948 tana da nata takardu da shaidu, kuma da irin ma'aunin da muka bayyana ake tabbatar da ita. Wanda ya yarda a watsar da takardu da shaidun gani da ido a kan Yahudawan Turai ya ba wasu damar watsar da na Falasɗinawa. Kuma akwai Musulmin da suka ga abin da aka yi wa Yahudawan da idonsu. Dakta Mohamed Helmy, likita ɗan Masar da ke zaune a Berlin, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya har yaƙi ya ƙare, iyalai Musulmi da dama a Albaniya ma sun ɓoye Yahudawa a gidajensu.