Wuyan Kwalba a Shagon Ɗinki

Jiya bayan tarawihi ka tambaye ni, mene ne "unuƙuz zujaja" da Balaraben nan ya faɗa da ya zo karɓar taubinsa, wato doguwar rigar Larabawa, ya tarar ba a gama ba, kuma me ya hana ni ƙaro keke na biyar alhali aiki ya yi mana katutu. Tambayoyin naka biyu ne, ɗana, amma amsarsu ɗaya.

Ɗauko kwalbar turaren can ka kifa ta. Komai girman cikinta, abin da wuyan ya bari shi kaɗai ke fita. Ma'anar kalmar ke nan, wuyan kwalba, kuma Turawa ma haka suke cewa da harshensu. Ana faɗinta ga duk wurin da ya matse har ya riƙe abin da ke bayansa, ko hanya ce, ko ofis, ko masana'anta.

Mu mutanen Makka mun san ta da hawaye. A hajjin 1990 ina saurayi a nan lokacin da alhazai suka cushe a ramin Mu'aisim, hanyar ƙafa ta ƙarƙashin dutse da ke Mina, mutum 1,426 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Filin Mina bai yi musu kaɗan ba, mashigar ce ta matse. Shi ya sa bayan turmutsitsin 2006 aka rushe tsohuwar gadar jifan Shaiɗan, aka gina mai hawa-hawa, hanyar shiga daban, ta fita daban. Ka kuma ji yadda jirgin ruwa guda ya gitta a mashigar Suez a watan Maris na 2021, ɗaruruwan jirage suka tsaya kwana shida suna jiransa.

To dawo shagonmu. In na sa almakashi tun safe, ina yanka taubi 30 a yini. Masu keke huɗu suna haɗa jiki da hannu kamar 25. Amma kwala fa? Dattijon da ke lungu shi kaɗai ke ɗora ta, kuma in ya yi 12 ya yi ƙoƙari. Ashe shagon nan gaba ɗaya taubi 12 yake fitarwa, ko da mun kwana muna taka keke. In na ƙaro keke, tulin da ke gefen ƙafarsa kawai zan ƙara wa tsawo, kuɗin yadi ya kwanta a ƙasa yana shan ƙura, mai riga kuma yana waje yana kirana a waya.

Kada ka ga laifinsa. Zauna ka kalli hannunsa sau ɗaya. Sai ya yanka hashwa, ƙyallen nan mai tauri da ake sa wa a cikin kwala, ya manna ta da dutsen guga, ya juya, ya fito da bakin da tsinke, ya gwada dama da hagu har su yi daidai kamar tagwaye. Kwala sada, wato marar naɗi, tana da sauƙi-sauƙi, amma gallab mai naɗewa in ta karkace da faɗin farce, mai ita zai gani a madubi kafin ya fita daga shago. Mutumin ƙasar nan yakan yafe maka tsawon da ya ɗan wuce, amma ba ya yafe karkatacciyar kwala. Gaggawa a wannan wuri ɓarna ce.

Ga yadda ake gane wuyan kwalba a kowace sana'a: nemi inda kaya suka taru suna jira, sannan ka dubi wanda ke gabansa yana zaune hannu rabbana. Ka lura mai gugarmu yakan yi gyangyaɗi da azahar? Ba lalaci ba ne, jiran kwala yake.

Abin da nake yi a Ramadan shi ne in tsare lokacin dattijon nan kamar ƙwai. Ba ya tashi neman zare, ba ya amsa waya, ba ya gwada mutane. Hashwa a yanke take isa gabansa. Duk rigar da ke da aibi a kafaɗa a tare ta tun kafin ta kai shi, don kada ya ɓata rabin sa'a a kan abin da za a farke. Sa'a guda da ya rasa, duk shago ne ya rasa ta. Taka kuwa, in ka rasa, ana iya cike ta da dare.

Kuma ka sani, ranar da kwala ta yalwata, matsin zai koma wani wuri, wataƙila guga, wataƙila almakashina, sai mu sake nema.

Yanzu dai hannu na biyu nake so a kwala, ba keke ba. Na ga yadda kake riƙe bakin yadi, hannunka ba ya rawa. Daga gobe bayan la'asar ka bar keken, ka kwashe guntayen yadin da ke ƙarƙashin tebur, ka ja kujera kusa da shi. Ka fara da sada, guda goma, ka kawo mini in gani kafin ka taɓa rigar kowa.