Hukuncin kiwon jariran ƙadangaru a akwatin gilashi cikin gida

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina zaune a Ingila ne da iyalina, yarona ɗan shekara 9 ya matsa min lamba sai da na saya masa jariran ƙadangaru guda biyu, irin masu gemun nan na Ostireliya da ake sayarwa a shagunan dabbobi, muka saka su a akwatin gilashi a falo. To Hajiyarmu ta gansu muna waya ta bidiyo, ta ce maza a kashe su ai tsaka ce, madam kuma ta ce najasa ne ita ba za ta ƙara sallah a falon ba. Sannan ɗayan kwana biyun nan baya cin abinci, ɗan'uwan kullum yana kansa. Malam mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya raya mana yaron.

Mu fara da maganar Hajiya, don ba da ka ta faɗa ba, akwai hadisi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Sharik cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kashe wazagh, a ruwayar Bukhari har da dalili, cewa ta kasance tana hura wa Annabi Ibrahim (AS) wuta, Muslim kuma ya kawo ladan ɗari ga wanda ya kashe ta a bugun farko. Amma wazagh tsaka ce, wannan da ke bin bango da silin da daddare kusa da ƙwan lantarki. Mu Hausawa ma ai ba mu taɓa haɗa su ba, tsaka daban, ƙadangare daban, ga kulɓa ga hawainiya ga damo ga guza, kowa da sunansa, kuma umarnin kisa a kan guda ɗaya ya zo, ba a janyo shi a rufa wa sauran sai da dalili. Hasali ma dabb, wanda malamanmu kan fassara da damo, a gidan Nana Maimuna aka kawo shi gasasshe, Annabi (SAW) ya janye hannunsa, Khalid bin Walid ya tambaya ko haram ne, ya ce a'a, babu shi ne a ƙasar mutanena shi ya sa raina bai so, Khalid ya jawo ya ci yana kallonsa. Masana dabbobi kuma dangi ɗaya suke saka dabb ɗin da ƙadangarenmu na gida da wannan mai gemun naku, tsaka danginta daban. Inda zan ja kunnenka shi ne, a irin shagunan nan ana sayar da wata tsaka mai ɗigo-ɗigo kamar damisa, asalinta wajen Pakistan da Afghanistan, wannan kam ni ina ganin a bar ta, domin abin da aka ce a kashe bai dace a kai kuɗi a saye shi ana tarairaya ba.

Tsare dabba a gida kuwa asalinsa halal ne. Anas bin Malik yana da ƙane ƙarami ana ce masa Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) in ya zo gidan yakan ce masa "ya Abu Umair, ina labarin ɗan tsuntsu?" bai ce a sake shi ba. Daga nan malamai suka ciro halaccin kiwo don nishaɗin yaro. Sayen ne akwai saɓani, Shafi'iyya da Hanabila sun hana cinikin ƙananan halittun ƙasa da ba su da amfani, wasu kuma suka ce duk abin da mutane ke amfana da shi ta hanyar halal ana cinikinsa, ni nan na fi karkata matuƙar ba a shiga almubazzaranci ba.

Madam kuma ta kwantar da hankalinta ta yi sallarta. A mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, da yawunsa da guminsa, haka yake a Mukhtasar na Khalil. Kashin ne in ya taɓa tufa ko darduma a wanke, an fita daga saɓani. Sai dai ƙyanƙyaminta yana da gaskiya ta wajen lafiya, dabbobin nan suna ɗauke da ƙwayar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau, don haka duk wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu, kar a wanke kwanonsu a sinkin kicin, yaro ƙasa da shekara 5 kuma kar ya taɓa.

To yanzu ga inda hankalina ya fi tashi, wato wannan da ka ce baya cin abinci. Matar nan da ta shiga wuta a kan kyanwa, hadisin Ibn Umar, ba a ce ta dake ta ba, ɗaure ta kawai ta yi, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ƙadangarenmu na gida kowa ya san shi, hantsi na yi za ka gan shi ya hau katanga ya baje yana gyaɗa kai yana shan rana, in zafi ya ishe shi ya sauka inuwa, ya kama kiyashi da fara, har ake cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Naka ba katanga ba kaza, daga ranar da ka rufe murfin nan rana da inuwa da abinci duk sun dawo wuyanka, kuma ƙasar da kake ranar ma ba ta wadata ba. Jikinsa baya haɗa ɗumi da kansa, in bai gasu ba abincin ma baya narkewa, shi ya sa dole gefe ɗaya na akwatin ya sami fitilar zafi ya kai wajen digiri 40 a ma'aunin Celsius, ɗaya gefen ya tsaya ƙasa da 30 ya sami wurin gudu. Sai fitila ta biyu mai hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido baya gani, da shi fatarsa ke haɗa bitamin D3 har ƙashi ya riƙe kalsiyam, in babu sai ka ga muƙamuƙi ya yi laushi ƙafafu sun karkace yana rawar jiki yana jan ciki. Hasken nan baya ratsa gilashi, ajiye akwatin a bakin taga ba zai yi ba, kuma ƙwan yana daina bada shi tun yana kamawa, ana canza shi tsakanin wata 6 zuwa shekara.

Jariri ƙwari ne yawancin abincinsa, gyare da makamantansu sau biyu ko uku a rana ana barbaɗa musu garin kalsiyam, kar girman ƙwaron ya wuce faɗin tsakanin idanunsa, da ɗan ganye yankakke. Ba shi ƙwari da rai ba laifi tunda abincinsa kenan, amma kar yaro ya mayar da shi abin kallo yana azabtar da su. Kar a zuba yashi a ƙasan akwatin, yakan haɗiya hanji ya toshe, shimfiɗa takarda ya wadatar.

Hawa kan da kake gani kuwa ba shaƙuwa ba ce, danniya ce, mai ƙarfin yana tare masa zafi da haske, gaba kaɗan sai cizon yatsu da jela, kuma irin wannan jelarsa in ta guntule ba ta sake fitowa. Raba su ya zama wajibi a kanka yau ɗin nan, mara lafiyan a kai shi wurin likitan dabbobi, kar ka ce sai albashi ya shigo. Ka kuma lissafa da kyau, abu ne da yake kai shekara 10 ko fiye, tsawonsa ya kai rabin mita, yaro zai iya gajiya cikin wata uku kuma shi ba a rubuta masa zunubi, kai ne mukallafi. In ka ga ba za ka iya akwati biyu da kuɗin wuta ba, riƙe su ya haramta gare ka, ka mayar shagon ko ka ba wanda ya iya kiwonsu, kar ka sake su a waje sanyi zai kashe su.

Hajiya kuma ka kira ta a natse ka karanta mata hadisin Khalid. In duk da haka ranta bai kwanta ba, kyautar da su ya fi maka, amma ba kisa ba.

Wallahu a'alam.