Girkin kayan lambu irin na Girka: zan iya dafawa da daddare in kai walima washegari?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. A ofishinmu za mu yi walima ranar Juma'a, kowa zai kawo girki ɗaya daga wata ƙasa. Ni aka ba ni Girka, aka ce kayan lambu zan kawo. Matsalata wuta, firij ɗinmu ba ya sanyi kwana biyu. Wata ƙawata ta ce in dafa tun daren Alhamis in rufe a kicin, wai tunda babu nama, kuma man zaitun ba ya barin abinci ya lalace. Me zan dafa, kuma gaskiya ta faɗa? Ina tsoron in sa mutane ciwon ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsoron nan naki yana kan hanya, kada ki bari a kore miki shi.

Abin dafawa ba wuya. Girkawa suna da jerin girke-girke da suke kira ladera, wato masu mai, waɗanda suka fi ci a lokutan azuminsu na coci da ba sa cin nama. Uku sun ishe ki zaɓi. Fasolakiya koren wake ne da albasa da tumatir da ɗan dankalin turawa, a dafa a wuta kaɗan har ruwan ya tsotse ya bar mai. Biriyam kuma dankali da yalo babba da zukini (wani irin kabewa mai kama da kokwamba) da albasa da tumatir ake yankawa a jera a tire, a kwarara man zaitun, a gasa a oven kamar awa ɗaya da kwata. Amma da ni ce, bamiyes zan kai, wato kuɓewa. Ki sami ƙanana, ki fere hular kan ba tare da kin huda ta ba, ki yayyafa gishiri da ruwan khal ki bar ta rabin awa, ki ɗauraye, sannan ki dafa ta cikin miyar tumatir ba tare da juyawa da cokali ba, tukunyar kawai za ki riƙa girgizawa. Yauƙin zai tafi kusan duka, kuma mutanen ofis za su ga kuɓewar da ba su taɓa gani ba.

Yanzu ga maganar ƙawarki, wadda kusan kullum sai na ji irinta, har na gaji. Man zaitun abinci ne mai albarka, ba mai musun wannan. Amma masu tallar magani a kasuwa da TikTok sun mayar da shi abin da ba shi ba ne, har mata sun ɗauka duk abin da ya taɓa ya tsira daga ruɓewa. Abin da mai yake yi shi ne ya rufe abinci ya hana iska shiga, kuma akwai ƙwayar cuta da wannan ne daidai abin da take so: wadda ke haddasa botulizim, cutar da ke shanye jijiyoyin jiki. 'Ya'yanta suna cikin ƙasa, suna manne da dankali da tafarnuwa, kuma dahuwar gida ba ta kashe su. Idan abinci ya kwana da ɗumi, babu iska, babu tsami, sai su farka su zuba guba. Sau da yawa ba wari, ba canjin ɗanɗano. Mai ɗanɗanawa da safe ta ce lafiya lau yake, ita ce ta farko da za ta sha.

A 1994 a garin El Paso na Amurka mutum 30 suka kamu da wannan cuta bayan cin abinci a wani gidan abincin Girkawa. Ba nama ne ya jawo ba. Dankali aka gasa cikin takardar foyil, aka bar shi a naɗe a waje, aka yi sikordaliya da shi, wato dakakken dankali da tafarnuwa da man zaitun. Wasu sai da aka sa musu na'urar numfashi. Alamomin cutar su ne ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta faɗi, haɗiya ta gagara. Wannan ba ciwon cikin da ake shan jiƙo a kwanta ba ne.

Gaskiya ne Girkawa suna cin ladera da ɗan ɗumi ko ma ta huce. Hucewa daban, kwana a waje daban. Dafaffen abinci ba ya wuce awa 2 tsakanin digiri 5 da 60, idan kuma zafin gari ya haura 32, awa 1 ne kacal. Kicin ɗinmu a rufe da daddare kin san yadda yake. Kada kuma ki ce zan ɗumama da safe. Idan girkin da shinkafa a ciki, kamar yemista da ake cusa wa tumatir da tattasai shinkafa, akwai gubar da ɗumame ba ya karya ta.

Daren Alhamis ki wanke kuɓewa ki shanya ta, ki tanadi tumatir da albasa ba tare da kin yanka ba. Ki dafa da safiyar Juma'a, minti 45 ya isa, ki juye da zafinta cikin kula mai riƙe zafi, kada a buɗe sai lokacin ci. Zaziki na yogot da kokwamba ki haƙura da shi, sai dai in kina da ƙanƙarar da za ki binne kwanon a ciki har a zo ci.