Amsa: Me ya sa injin jirgin ƙasa na Garratt yake da siffar inji biyu a haɗe?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa Garratt yake da ƙafafu gaba da baya, tukunyar tururi kuma tana rataye a tsakiya. An ƙera shi haka ne don ya ja kaya masu nauyi a kan siririn dogo mai yawan kwana. Herbert Garratt ne ya fito da tsarin, kamfanin Beyer Peacock na Manchester a Ingila ya ƙera na farko a 1909 don tsibirin Tasmaniya na Ostireliya. Da yake nauyin ya rarrabu a kan ƙafafu da yawa, dogo da gada ba sa wahala, kuma gaba da baya kowanne yana juyawa da kansa a kwana. Shi ya sa layukan Afirka suka rungume shi. A ganina ya kai ƙololuwa da samfurin 59 na kamfanin jirgin ƙasa na Gabashin Afirka, guda 34 da aka fara kawowa a 1955, masu hawan tudu daga Mombasa zuwa Nairobi.

Sai dai yana da matsala: tankin ruwa a kan ƙafafun yake zaune. In ruwa ya yi ƙasa, nauyi ya ragu, sai ƙafafun su fara santsi a kan hawa.